Allurar Barci Da Ƙofofin Zuciya: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Faɗa Kafin A Shiga Da Shi Tiyata

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti a Akra, birnin da mu mutanen Zango muke kira Ankara, ya san zaman nan na bakin ɗakin tiyata. Ana kan benci, carbi a hannu, ido a kan ƙofa. Idan aka fito lafiya, sai a ce likita ya iya aiki. Idan kuwa aka samu akasi, maganar da za ta zagaya Nima da Maamobi kafin la'asar ita ce "allurar barci ce ta yi masa yawa," ko kuma "ba ta farka daga allura ba." Daga nan tsoro ya shiga gidaje, har ka ga mai gwaiwa ya shekara biyar yana ɗaure mara yana ɗaukar buhu, alhali yana da kuɗin aikin, gudun kada a sa shi barcin da babu tashi.

Tsoron yana da dalili, sai dai mun lura sau da yawa ana ɗora laifin inda bai kamata ba. Akwai mutane masu yawa a cikinmu da ke yawo da ciwo a ƙofofin zuciyarsu ba tare da sun sani ba, kuma ga irin waɗannan, allurar da ba ta yi wa maƙwabci komai na iya zama babbar matsala. Idan mai ba da allurar ya san da ciwon tun kafin a fara, yana da hanyoyin kauce wa hatsarin. Idan bai sani ba, to a kan gadon tiyata zai gano, lokacin da gyara ya yi wuya.

Wata 'yar'uwarmu mai sayar da atamfa, wadda ke shiga Lome ta Aflao kusan kowane mako, ita ce ta sa muka shiga bin diddigin wannan magana. A cikinta na uku ta fara haki, ko ɗan tudun da ke tsakanin tasha da gida sai ta tsaya sau biyu, da dare kuma sai ta tara matasai uku kafin ta iya barci. Kowa ya ce nauyin ciki ne. Da aka yanke shawarar yi mata aiki a ciro jaririn, ma'aikacin da zai ba ta allura ya zo dubiya, ya tambaye ta, "Hajiya, kina iya kwanciya flat ba matashi?" Ta ce a'a. Ya ɗora abin awo a ƙirjinta ya daɗe yana saurare, sannan ya ce ba zai taɓa ta ba sai an ɗauki hoton zuciya. Mijin ya yi fushi, yana ganin neman kuɗi ne. Hoton ya nuna ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarta ta tsuke sosai. Aka tura ta babban asibiti, aka sauya tsarin allurar gaba ɗaya, ta sauka lafiya. Yau yaron yana makarantar allo.

Ƙofofi huɗu, da abin da ke ɓata su

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, kuma tana da ƙofofi huɗu da ke buɗewa su rufe domin jini ya bi hanya ɗaya kada ya koma baya. Bakanike zai fi gane su da sunan bawul, irin na taya, wanda ke barin iska ta shiga ya hana ta fita. Zuciya na bugawa kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya, kuma kowane bugu sai waɗannan ƙofofi sun motsa. Biyu na ɓangaren hagu su suka fi shan wahala. Akwai wadda likitoci ke kira mitral, wadda jinin da ya ɗebo iska daga huhu ke bi ya shiga babban ɗakin da ke harba shi. Akwai kuma ta bakin babbar jijiya, wadda jini ke bi ya fita zuwa ga sauran jiki.

Ƙofa na lalacewa ta hanya biyu. Ko dai ta tsuke ta ƙi buɗewa sosai, ko kuma ta saki ta ƙi rufuwa, jini ya riƙa yoyo yana komawa baya. Wani ma yakan haɗa duka biyun.

A ƙasashen Turawa tsufa ne ya fi kawo wannan. A wajenmu kuwa tun daga yarinta abin ke farawa, da ciwon maƙogwaron da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci. Wata ƙwayar cuta ce ke kama maƙogwaron yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a kashe ta da magani ba, bayan mako biyu ko uku jikin wasu yaran yakan rikice, garkuwarsa ta juyo tana yaƙar gaɓoɓi da zuciya. Yaro ya yi zazzaɓi, gwiwa ta kumbura yau, gobe idon sawu, a ce sanyin ƙashi ne ko zazzaɓin sauro, a shafa mai a ba shi maganin zafi. Gaɓoɓin su warke sarai, tabon kuwa ya zauna a ƙofar zuciya, yana ƙaruwa duk lokacin da ciwon ya dawo, sai bayan shekara goma ko ashirin ya bayyana. Cutar ta fi yaɗuwa inda yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, kuma wanda ya san gidajen haya na Nima, inda iyali guda ke cikin ɗaki da rumfa, ba sai an yi masa bayani ba. Mu ƙara da cewa kai yaro wajen wanzami a cire masa beli ba ya kashe wannan ƙwayar cuta. Maganinta penisilin ne, mai araha, wanda ake samu a ƙananan asibitoci.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwon zuciya a duniya, kuma yana kashe sama da 300,000 kowace shekara. Wani babban bincike mai suna REMEDY da aka buga a 2015 ya bi majinyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, har da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a cikin masu aikin. Tsaka-tsakin shekarun majinyatan 28 ne, kuma kashi biyu cikin uku mata ne. Wato dai mutanen da ke tsakiyar neman abinci da haihuwa, irin waɗanda ke cika motocin Aflao da Paga da Sankasi, da masu dakon kaya a kasuwar Nima ranar Laraba.

Abin da allura ke yi

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, allurar barci ba ta cin naman ƙofar zuciya, ba ta kuma ƙara mata tabo. Akwai magungunan da aka tabbatar suna yin haka, kamar maganin rage ƙiba da aka janye a Amurka a 1997, da Mediator da aka hana sayarwa a Faransa a 2009, amma waɗannan shansu ake yi wata da watanni. Abin da magungunan tiyata ke taɓawa abu uku ne: saurin bugun zuciya, da ƙarfin matsewar jijiyoyin jini, da numfashi. Mai lafiyayyar zuciya yana da rarar ƙarfin da zai jure sauyin waɗannan. Mai lalatacciyar ƙofa kuwa jikinsa ya daɗe yana lallaɓa abin, ya daidaita komai a kan ƙa'ida guda, kamar jakin da aka yi wa lodi daidai wa daida. Ka cire dutse ɗaya daga gefe, kaya su zube.

Mu ɗauki ƙofar mitral da ta tsuke. Faɗinta a mai lafiya murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne. Idan ta koma 1.5 ko ƙasa da haka, likitoci na ɗaukarta mai tsanani. Mai karatu ya tuna da shingen kan iyaka ranar da aka bar hanya ɗaya tak a buɗe. Motoci za su wuce, amma sai an ba su lokaci. Idan jami'i ya riƙa ɗaga sanda yana saukewa da sauri, mota ɗaya ce za ta riƙa tsallakewa, layi kuma ya yi ta tsawo a baya. Haka zuciya take. Jini na ratsa wannan ƙofa ne a ɗan hutun da ke tsakanin bugu da bugu. Idan bugu ya yi sauri, hutun ya gajarce, jini ya taru a baya, kuma bayan nan huhu ne. Sai ruwa ya cika huhu, numfashi ya sarƙe, wani lokaci har kumfa mai ruwan hoda ta fito ta baki.

A nan ne maganar ketamin ke shigowa. Tun 1970 ake amfani da shi, kuma babu maganin da ya kai shi taimakon ƙananan asibitocin Afirka: yana da araha, ba ya faɗar da jini, yawanci majinyaci na ci gaba da numfashi da kansa, ana iya aiki da shi ko babu manyan na'urori. Dubban mata sun tsira ta dalilinsa a garuruwan da wuta ba ta tsayawa. Amma ɗabi'arsa ce ya hanzarta bugun zuciya. Ga mai tsukakkiyar mitral, wannan shi ne ainihin abin da ake gudu.

Ƙofar bakin babbar jijiya kuwa, idan ita ce ta tsuke, wani lissafin ne daban. Zuciyar ta daɗe tana tura jini ta ƙaramar kafa, namanta ya yi kauri kamar damtsen maƙeri, kuma kaurin nama na bukatar jini mai yawa. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta sun dogara ne da ƙarfin hawan jini. Farar allurar nan mai kama da madara, furofofol, wadda ake fara sa barci da ita a mafi yawan manyan asibitoci, tana sassauta jijiyoyi, jini ya faɗi. Mai lafiya sai zuciyarsa ta ƙara harbi ta cike giɓin. Mai tsukakkiyar ƙofa ba shi da halin ƙarawa. Jini ya faɗi, zuciya ta rasa abinci, ta yi rauni, jini ya ƙara faɗuwa, cikin 'yan mintoci abin ya kai inda ba a so. Wannan ya sa ga irin waɗannan majinyata ake ba da maganin kaɗan-kaɗan, ko a zaɓi wani kamar etomidet wanda bai cika taɓa jini ba, a kuma ajiye allurar ɗaga jini a cikin sirinji tun kafin a fara.

Allurar baya, wadda matanmu suka fi sani saboda da ita ake yawan yin aikin haihuwa, ita ma sai an yi hattara. Jama'a na ganin ta fi sauƙi tunda ido biyu ake yi, kuma gaskiya ne ga mafi yawan mata ita ce ta fi aminci. Sai dai tana kashe jijiyoyin da ke riƙe da hanyoyin jinin ƙafafu da ciki a lokaci guda, jini ya kwarara ƙasa, zuciya ta ɗauki gudu don ta rama. Faɗuwar jini da saurin bugu a tare, ga mai tsukakkiyar ƙofa, masifa biyu ke nan. Ga ciki kuma ya riga ya ƙara yawan jinin jiki da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, sannan da zarar an ciro jariri mahaifa ta matse ta turo wani jinin zuwa zuciya. Hatta allurar da ake yi don mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, idan aka tura ta da sauri, tana faɗar da jini ta hanzarta bugu. Shi ya sa awoyin farko bayan haihuwa suke da hatsari ga mai wannan ciwo, ko da ta haihu da kanta. A asibitin da ke da kayan aiki, akan sa siririn bututu a baya a riƙa zuba maganin a hankali, ko a sa ta barci gaba ɗaya cikin tsari. Abin da aka yi wa 'yar'uwarmu ke nan.

Masu ƙofa mai yoyo sun fi samun sauƙi. Sassautawar jijiyoyi na taimaka wa jini ya tafi gaba maimakon ya koma baya, abin da ba sa so shi ne bugu ya yi sanyi ƙwarai ko jijiyoyi su matse. Akwai ma wani abin mamaki da likitocin zuciya suka daɗe da lura da shi: idan aka duba ƙofa mai yoyo da na'ura alhali mutum na cikin barcin allura, yoyon yakan nuna ƙasa da yadda yake a zahiri. Don haka hoton da aka ɗauka mutum na farke shi ne abin dogaro wajen yanke hukunci, kuma wanda yake da tsohon hoto kada ya yar da takardarsa.

Abu na uku shi ne numfashi. Duk maganin da ke sa barci ko kwantar da hankali yana rage numfashi, ko da kaɗan ne. Idan numfashi ya ragu, gurɓatacciyar iska ta taru a jini, hanyoyin jinin huhu su matse. Wanda ciwon ƙofa ya riga ya ɗaga masa ƙarfin jinin huhu, ɓangaren dama na zuciyarsa na iya gazawa a nan take. Saboda haka "ɗan abin da zai kwantar da kai" da ake bayarwa kafin cire haƙori ko ɗinki ko zura bututun duba ciki ba ƙaramin abu ba ne. Duniya ta ga misali a ranar 25 ga Yunin 2009, lokacin da mawaƙin Amurka Michael Jackson ya mutu bayan an ba shi furofofol tare da wasu magungunan barci a ɗakin kwanansa, babu kayan sa ido irin na asibiti. Kotu ta kama likitansa da laifi a 2011. Maganin da ake amfani da shi kullum lafiya a ɗakin tiyata ne, abin da aka rasa shi ne mai tsayawa a kan numfashi.

Ƙwayoyin da ke cikin aljihu

Yanzu mu zo ga maganar da ba a son yi a majalisar ataya. Da yawa daga cikin masu dogon zango, direbobi da 'yan kamasho da masu rakiyar albasa daga Galmi zuwa Adjen Kotoku, suna shan ƙwaya don su jure hanya, sannan su sha wata don su samu barci. Tiramadol da safe, Valium ko Roche da dare. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana miligiram 50 da 100 kawai ta amince da su na tiramadol, amma abin da aka riƙa kamawa a kasuwa ya haɗa da 120 da 225 da 250. A 2018 Gana da Nijeriya duka suka ɗauki mataki a kan maganin tari mai kodin, Gana kuma ta tsaurara dokar tiramadol. Masu safara suka sauya salo. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya nuna yadda ake shigo da wata ƙwaya daga Indiya zuwa Gana da Nijeriya da maƙwabtansu, haɗin tafentadol, dangin tiramadol mai ƙarfi, da wani maganin sassauta jiki mai sa maye. Ita ce jar ƙwayar da samari ke kira Red. Bayan rahoton, hukumomin Indiya suka hana yin wannan haɗi.

Ba wa'azi muka zo yi ba, lissafin tiyata muke yi. Wanda jikinsa ya saba da waɗannan ƙwayoyi, adadin allurar da zai kwantar da wani ba zai kwantar da shi ba, dole a ƙara, kuma ƙarin nan a kan zuciya yake sauka. Idan ya sha da safen ranar aiki ya ɓoye, maganinsa da na asibiti su haɗu su danne numfashi. Idan kuma ya daina kwatsam saboda an kwantar da shi, bayan kwana ɗaya ko biyu jiki ya fara nema: gumi, rawar jiki, bugun zuciya kamar ganga, wani har farfaɗiya. Mun riga mun ga abin da saurin bugu ke yi wa tsukakkiyar ƙofa. Dukkan hanyoyin nan uku ana iya shirya musu idan an sani. Mai ba da allura ba ɗan sanda ba ne, ba kuma zai kai rahoto wajen limami ko surukai ba. Sunan ƙwayar yake so, da yawan da ake sha, da ranar da aka sha ta ƙarshe.

Haka nan jiƙe-jiƙen kwalba da magungunan ƙarfin maza da ake tallatawa a tasha. An sha gano cewa ana zuba wa irinsu sinadarin Viagra a ɓoye, shi kuwa yana faɗar da jini. A faɗa. Goro da ataya mai kauri su ma suna ɗaga bugu, a bar su ranar aiki.

Akwai hanya guda da ƙwaya ke lalata ƙofar zuciya kai tsaye, ita ce ta masu yi wa kansu allura a jijiya. Datti da ƙwayoyin cuta na bin jini su sauka a kan ƙofar ɓangaren dama, su yi gida, su cinye ta. Wanda ke wannan ɗabi'a ya ga zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro mako biyu, ya nemi a duba zuciyarsa.

Inda za a je a Ankara

Gana na cikin ƙasashen yankinmu da suka yi nisa a aikin zuciya. A asibitin Korle Bu, wanda aka buɗe tun 1923, Farfesa Charles Easmon da mutanensa suka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a ƙasar a 1964. A 1989 Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng, wanda ya koyi aikin a Hannover ta Jamus, ya dawo gida ya kafa cibiyar tiyatar zuciya da ƙirji ta ƙasa a nan Korle Bu, kuma majinyata daga ƙasashe maƙwabta na zuwa can. Daga Nima tafiyar mota ɗaya ko biyu ce. Ba kowa ne zai fara daga can ba. Babban Asibitin Maamobi na cikin unguwa, Asibitin Soja na 37 da na Ridge ba su da nisa, kuma likita a kowane ɗayansu zai iya saurarar ƙirji ya rubuta takardar hoton zuciya. Hoton kamar sikanin masu ciki yake, babu allura, babu yanka.

Maganar kuɗi ba mu ɓoye ta. Inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 ta sa tiyatar zuciya cikin abubuwan da ba ta biya, in ban da wadda hatsari ya jawo, shi ya sa iyalai da yawa suka sayar da jari ko aka yi musu karo-karo a masallaci. A 2025 gwamnatin John Mahama ta kafa asusun tallafi da ake kira MahamaCares domin cututtuka masu tsada irin su na ƙoda da daji da zuciya. Wanda aka rubuta wa aiki ya tambayi ofishin walwala na asibitin yadda ake nema. Amma mafi yawan masu ciwon ƙofa ba tiyatar zuciya suke bukata yau ba. Abin da suke bukata shi ne su san halin da suke ciki, su riƙa karɓar allurar penisilin duk mako uku ko huɗu idan likita ya ɗora su a kai, su sha maganin rage bugu da na fitar da ruwa a kan ƙa'ida.

A mafi yawan ƙananan asibitocin Gana da Nijeriya da Nijar, ma'aikatan da aka horar musamman su ke ba da allurar barci, likitocin wannan fanni ba su da yawa. Suna aiki mai kyau, amma mutum ɗaya ne a kan majinyata da yawa, kuma ba kullum yake da minti ashirin na yi maka tambayoyi ba. Kada ka jira a tambaye ka. Idan kana haki a kan abin da sa'anninka ke yi ba haki, idan ba ka iya kwanciya sai da tarin matasai, idan ƙafa na kumbura da yamma, idan ka taɓa suma ko jin nauyin ƙirji lokacin ɗaukar kaya, idan ka yi ciwon gaɓoɓi mai yawo da zazzaɓi kana yaro, idan wani likita ya taɓa ce maka ya ji wata ƙara a zuciyarka, faɗi da bakinka. Aikin gwaiwa ko maƙoƙo ko ƙari na iya jira mako guda a ɗauki hoto.

Kuma kada dangi su watse da zarar an fito da majinyaci. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda ya bi mutum 11,422 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka rasu, bayan ranar aikin suka rasu, wato a ɗakin jinya, lokacin da kowa ya ɗauka an tsallake. Mai jinya ya sa ido a kan numfashi. Idan ya ga haki, ko leɓe ya sauya launi, ko barcin da ba a iya tayar da mutum, ya kira ma'aikaci nan take, ko da tsakar dare ne, ko da za a yi masa tsawa. Kada kuma a kawo wata ƙwaya daga kemis a ba shi a ɓoye don ya samu barci.

Saura waɗanda aka riga aka sauya wa ƙofa. Mai ta ƙarfe yana shan warfarin har ƙarshen rayuwa don kada jini ya daskare a kanta, kuma kowane aiki, ko cire haƙori ne, sai an tsara yadda za a yi da maganin kwanaki kafin ranar. Kada ya daina da kansa, kada kuma ya ɓoye cewa yana sha, domin allurar baya ga wanda jininsa ya tsinke na iya jawo zubar jini a ƙashin baya har ƙafafu su shanye. Tiramadol na ƙara wa warfarin ƙarfi, magungunan ciwon jiki irin su diklofenak kuma na ƙara hatsarin zubar jini. Mai ƙofar nama, wadda ake yi da na saniya ko na alade, yawanci ba ya shan warfarin na dindindin, sai dai takan tsufa bayan shekara 10 zuwa 15, ga matasa ma kafin haka. Wanda ke da damuwa a kan irin naman yana da damar tambaya tun kafin aiki.

Ɗan kasuwa kuwa ba ya zaɓen garin da ciwo zai same shi. Mai katin Korle Bu na iya faɗuwa a Dapaong, ko hatsari ya rutsa da shi tsakanin Gaya da Dosso, inda ma'aikacin da zai karɓe shi Faransanci yake karantawa, shi kuma ba ya cikin hayyacinsa. A roƙi likita ya rubuta a takarda ɗaya sunan ƙofar da ta lalace, tsukewa ce ko yoyo, ranar hoton ƙarshe, da sunayen magunguna da awonsu. Sunayen magunguna kusan ɗaya suke a Turanci da Faransanci, duk wani ma'aikaci zai gane. A yi mata leda, a ajiye ta tare da katin ECOWAS, a ɗauki hotonta a waya, a kuma nuna wa yaron mota ko abokin tafiya aljihun da take.